Na je Senegal ganin teku na tarar da taɓo: yadda tafiyata Fajut ta kasance

Tun da na saka hotunan nan a Facebook mutane ke ta damuna, wasu a fada wasu a waya, ina ne wurin nan, nawa ka kashe, ana neman biza ko ba a nema, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Ni ɗan Tawa ne amma shekara 17 ke nan ina Yamai, kuma kafin wannan tafiya babban ruwan da na taɓa gani a duniya shi ne kogin Isa ta kan gadar Kennedy, sai tafkin Tabalak lokacin muna yara. Ƙanena ne ke karatu a jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar, shi ya yi ta matsa min, Yaya ka zo ka ga teku ko sau ɗaya ne a rayuwarka. Na ce masa ni ba na son inda Turawa ke kwance tsirara ana kiɗa, in zan zo ka nema min inda babu hayaniya. Ya ce ya san wuri, can kudu da Mbur, wajen wani gari Juwal da tsibirinsa Fajut. A allon hanya Joal-Fadiouth za ka gani, ka riƙe wannan rubutun don shi za ka nuna a tasha.

Ruɗanin farko na takardu ne. Na yi shirin tafiya a watan Fabrairun 2025, ga shi ranar 29 ga Janairu ne fitar ƙasarmu Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata tare da Mali da Burkina, sai kowa a fada ya zama malamin fasfo. Wani ya ce tsohon fasfo ya mutu sai na AES, sabon ƙawancen ƙasashen ukun, wani ya ce yanzu sai da biza, wani ma cewa ya yi daga filin jirgi za a maido ni. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba don na riga na ba da kuɗin biyen jirgi. Abin da ya tabbata shi ne CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta har sai an sake wata sanarwa, kuma ni da tsohon fasfona na shiga Senegal, babu wanda ya yi min maganar biza. Wannan na lokacin ne fa, kafin ka sayi biye ka sake tambaya don abin siyasa yau da gobe ba ɗaya ba ne. Abin da ya kusa kayar da ni ma ba fasfo ba ne, karnen allurar shawara ne, ɗan katin nan rawaya. Nawa ya ɓata tun wata ƙaura da muka yi daga Bukoki, sai na je wurin da ake yi, na isa ƙarfe 7 na tarar da layi har bakin ƙofa yawanci ƴan Umra ne, ban fito ba sai wajen 11 da rabi da hannu yana zafi. Ma'aikaciyar ta ce min abu biyu da ban sani ba, ɗaya allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin a lissafa ta, biyu tun 2016 sau ɗaya ake yinta ta ishe ka har mutuwa, wato da ban yar da tsohon katin ba da ban sha rana ba. Allah ya taimake ni saura kwana 13 tafiya.

Ta ƙasa ana iya zuwa, Wagadugu, Bamako, Kayes, a shiga Senegal ta Kidira a bi Tambakunda da Kawlak, amma kwanaki ne a cikin kar kuma kowa ya san halin da hanyar ke ciki, tsohuwarmu ta ce in dai ta mota ce ba da yawunta ba. Sai na sayi biyen jirgi zuwa da dawowa, ya ci min sama da jika 300, ba kai tsaye ba sai da muka sauka wata ƙasa ta bakin ruwa muka canza jirgi. An rubuta jiran awa 2 muka yi kusan 5 a kan kujerar ƙarfe, ruwan gora ɗaya jika guda, don haka ka sa ɗan kilishi ko dabino a jaka. Filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a 2017 ba a cikin Dakar yake ba, yana Jas, kusan kilomita 50 daga birni. Ɗan sandan ya tambaye ni adireshin inda zan sauka da lambar mai masaukina, ya ɗauki hoto da yatsu, ya buga hatimi, minti 5 bai cika ba. Ka rubuta adireshin a takarda tun daga gida, wani bawan Allah a gabana wayarsa ta mutu ya yi ta raba ido. Daɗin abin kuma babu canji, sefarmu ita ce sefarsu, jikar da ka fito da ita daga Yamai ita za ka miƙa wa mai taksi. Amma ga wata wauta da muka yi da sai daga baya na gane, filin jirgin ya fi kusa da Mbur a kan Dakar, mu kuwa muka biya mota muka shiga Dakar cikin cunkoso na kwana biyu a ɗakin ɗalibai, sannan muka sake biyowa ta gefen filin jirgin nan dai za mu kudu. In Fajut ce niyyarka ka ce wa mai tarbarka ku haɗu a filin jirgi ku miƙe.

Ranar Laraba muka tafi tashar Bo Mareshe da ke Pikin, a nan motocin fita gari suke. Muka shiga irin tsohuwar Fijo mai ɗaukar mutum 7, set-plas suke ce mata, ba ta tashi sai ta cika kamar dai tashar Wadata, mun fi awa ɗaya muna jiran mutum biyu. Kada ka yarda da kujerar can baya in kana da tsawo, gwiwata har yau tana tuna min. Zuwa Mbur kusan kilomita 80 ne, a can muka canza wata motar zuwa Juwal, ɗan abin da ya haura kilomita 30, duka-duka kuɗin mota da na jaka bai kai jika 5 kowannenmu ba. Hanyar daga Mbur ta yi min kyau, kukoki ko'ina kamar kana hanyar Dogon Dutsi, sai dai iskar tana da wani ƙarni da sanyi-sanyi. Juwal garin masunta ne, tun kafin ka shiga hayaƙin banda kifi zai tare ka, kuma nan ne aka haifi Senghor shugaban Senegal na farko a 1906, gidan mahaifinsa yana nan an mai da shi wurin tarihi, mu dai ta ƙofa muka wuce don ni hankalina na kan ruwa.

Wajen ƙarfe 2 na rana muka isa bakin gadar katako mai kai mutum tsibirin, tsawonta ya kai mita 500, mota ba ta hawa sai ƙafa da amalanke. Na hau na leƙa dama na leƙa hagu, wallahi babu teku. Taɓo ne baƙi shimfiɗe har iya ganin ido, da ƴan jijiyoyin ruwa suna ratsa shi, ga kwale-kwale birjik a kwance a kan laka sun karkace kamar jakunan da suka gaji. Raina ya ɓaci sosai. Na juya na ce wa yaron nan, kai yanzu don Allah wannan ka sa na kashe jika 300 in zo in gani, ai ko Isa a watan Mayu ta fi wannan ruwa. Ya ce Yaya ka yi haƙuri mare bas ce, wato lokacin janyewar teku, ruwan zai dawo. Na ce yaushe, da damina? Wani dattijo da ke gyaran koma a gefe ya ga yadda nake faɗa ya tambayi ƙanena da Faransanci me ya faru, da aka gaya masa ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a ce wa baƙo ya je ya ci abinci ya yi la'asar ya dawo da magariba.

To a nan ne kan duk wani ɗan Nijar zai ɗaure, don mu ruwa da wata muka san shi. A Yamai jan ruwa na zuwa a Agusta da Satumba, baƙin ruwan da ke tasowa daga Gini ya iso Disamba zuwa Fabrairu, sannan kogi ya yi ta ja har Yuni, manya ma suna ba da labarin 1985 da ya tsaya cak. Shi teku abin da kogi ke yi a shekara shi yake yi sau biyu a kwana ɗaya. Ya cika, bayan awa 6 da ƴan mintuna ya janye, bayan wasu 6 ɗin ya sake cika, kuma kullum lokacin yana ja baya da kusan minti 50, wato in yau ƙarfe 8 ya cika gobe sai wajen 9 saura. Wata ne ke jan ruwan da ikon Allah, rana na taya shi, shi ya sa lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi yawa janyewar ma ta fi nisa. Mu kuwa ba da sani ba muka faɗo a 13 ga Sha'aban, lokacin da ruwan ke tafiya can da nisa. A buɗaɗɗen bakin teku ba za ka lura sosai ba, amma a irin wannan lungun da ƙasa ta rungume ruwa kuma ƙasan a shimfiɗe take kamar faifai, ruwa ya sauka kamu kaɗan sai fili ya buɗe na kilomita.

Kafin magariba muka zaga tsibirin da ɗan jagora, akwai rumfarsu a bakin gada da farashi a rubuce, mun ba da jika 5. Ƙasar garin gaba ɗaya ɓawon katantanwar teku ce da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zubarwa, kana tafiya tana ƙaras ƙaras, har a bangon gidaje ita ce. Mutanen Serer ne kuma yawancinsu Kirista, don haka kada ka firgita in ka ga alade na yawo a lungu, ni dai na tattare bakin wandona. Akwai coci akwai masallaci, kuma wata ƴar gadar ta kai mu maƙabarta a kan tudun ɓawo ƙarƙashin kukoki inda ake binne Musulmi da Kirista a wuri guda, kowa da ɓangarensa. Abin da ya fi burge ni rumbunan gero ne da aka kafa a kan turaku a tsakiyar ruwa, irin rumbunmu na kara sak, jagoran ya ce don gudun gobara da ɓera kakanninsu suka yi haka, yanzu dai na nuni ne. Da muka dawo kan gada bayan magariba na tsaya na kasa magana. Duk taɓon nan babu shi, ruwa ne fal yana lasar ƙafafun gada, kwale-kwalen da na rena suna ta rausaya, ga farin wata a kai. Ƙanena bai ce komai ba, murmushi kawai yake, ni ma na yi kamar ban gan shi ba.

A daren muka shirya da wani mai kwale-kwale zai kai mu wani lungun gaɓa can bayan itatuwan mangurob, masu tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo. Ya fara da jika 25 muka tsaya a 15, rabi yanzu rabi in ya dawo da mu, kuma kada ka taɓa biya duka tun farko. Ya ce ƙarfe 8 na safe daidai, in kun makara ruwa ya tafi sai gobe. Muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki jika 12 da gidan sauro. Da safe na duba agogon hannuna na ga 8 saura kwata na tayar da yaron nan da faɗa muka fito a guje, muka iso bakin ruwa gari bai gama wayewa ba babu kowa sai karnuka. Ashe agogona na kan lokacin Yamai, Senegal tana bayanmu da awa ɗaya, kwana uku ina ƙasar da waya nake duba lokaci ban lura ba. Muka zauna cikin sanyi awa guda yana ta ƙunshe dariya.

Tafiyar ta yi kamar minti 40, babu inji, da gora yake tura jirgin. Na nemi rigar ruwa ya ba ni wata duk ta koɗe, na ɗaure ta tamau don ni ko a kwalbati ban iya iyo ba. Kafin mu shiga ƙanena ya karɓi wayoyi da agogona da fasfo ya ƙulle a leda, ku riƙe wannan wurin don zai dawo. Inda ya sauke mu yashi ne fari siriri, babu rumfa babu mai talla babu ko sawun mutum, ruwan kuma kwance lumui babu igiya ko ɗaya don wani dogon tudun yashi ya tare ainihin tekun, sai dai kana jiyo rurinsa daga baya kamar manyan motoci na wucewa a nesa. Mai jirgin ya kafa wani kara a yashi ya ce zan dawo ƙarfe 6, in ruwa ya janye ku yi yawonku amma ƙarfe 4 da rabi ta same ku a nan wajen karan, ya maimaita har sau biyu. Muka kafa butar shayi a gindin wata bishiya, da ruwan gora 4 da burodi da kifin gwangwani, don a can ko jika 10 za ka ba da babu mai sai da maka ruwa.

Wajen 11 ruwa ya fara ja, ba ka ganin tafiyarsa sai dai ka ajiye dutse a bakinsa ka sha shayi ɗaya ka waiga ka ga ya bar dutsen da taku 10. Zuwa azahar fili ya buɗe. Na ɗanɗana ruwan na tofar, na yi alwala da shi tunda malamai sun ce ruwan teku mai tsarki ne, muka yi sallah a kan yashi, sannan na tsuguna ina kallon ƙasa kamar yaro. Ramuka ne dubbai, in ka yi shiru minti ɗaya sai ƙananan ƙaguwa su fito, namijin hannunsa ɗaya ƙato ɗaya ɗan mitsitsi, ya yi ta ɗaga ƙaton sama yana saukewa kamar mai kiran taksi, ka motsa yatsa kaɗai duk su shige rami a tare. Zalɓe da balbela suna ta tsinta, ga kwasakwasa can sun jeru. Daga nesa kuma mata sun fito da bahuna da kwanduna, sun duƙa suna tona laka suna ciro katantanwar, su dafa su ɓare su shanya naman su kai kasuwa, ɓawon kuma shi ne ya zama garin da muka taka jiya.

Daɗi ya ɗebe ni na ce bari in taka har inda ruwan ya tsaya. Ƙanena ya ce shi ya gaji zai kwanta, na ciro agogona daga leda na ɗaura na tafi. Na tsallake wani ɗan kwari da ruwansa bai rufe idon sawu ba na yi ta tafiya ina tsintar ɓawo. Da na duba agogo na ga 5 saura sai na ce a raina a cire awa ɗaya, 4 ma ba ta yi ba. Ashe yaron nan ya gyara min agogon tun da safe lokacin da zai sa a leda bai faɗa min ba. Ni ina kallon gaba ina jiran in ga ruwa ya taho ta inda ya tafi, shi kuwa ta baya ya zagayo, ya bi kwaruruka ya cika su tukuna. Ihun wata tsohuwa ne ya sa na waiga, tana ɗauke da baho a ka tana yi min nuni da hannu, sai na ga ɗan kwarin nan ya zama rafi yana gudu. Na ruga zan yanke kai tsaye, taku uku ƙafata ta dama ta nutse a laka har gwiwa, na fizgo ta takalmin ya zauna a ciki, wani ɓawo ya yanke ni a tafin ƙafa. Ruwa ya kawo min cinya, rigar ruwan kuma tana can gindin bishiya na yi matashi da ita. Babu addu'ar da ban karanta ba. Tsohuwar nan ta biyo ta wani gefe, ba ta jin Faransanci ni ba na jin Serer, ta kama hannun rigata kamar jikanta ta ja ni muka yi kwana ta inda ƙasa ke da tauri, inda yashi ke da ƴan layi-layi, nan ne ba ya nutsewa, mai sulɓi da sheƙi shi ne mugun. Da muka fita na ce na gode Inna, na ciro jika 2 jiƙaƙƙu na miƙa, ta ture hannuna ta yi min faɗa mai tsawo da yarenta tana nuna rana tana nuna ruwa, ta ɗau bahonta ta wuce.

Don haka mai niyyar zuwa, kafin ka biya kuɗin ɗaki ko na jirgin ruwa ka fara tambayar lokacin mare na ranar, wato na cika da janyewar ruwa, masunta duk sun sani kuma a intanet ma akwai jadawalin kowace rana, ka duba na Juwal ko na Dakar. In iyo da hoto cikin ruwa kake so ka zo lokacin cika, in yawon fili kake so ka fita tun ruwa na janyewa ka juyo da zarar ya kai ƙarshe, kada ka jira sai ka gan shi. Agogo ɗaya za ka riƙe, ka gyara shi tun a filin jirgi da hannunka. Silifa ba ta aiki a laka, ka sayi takalmin roba mai maɗauri irin na makiyaya a Katako kafin ka taso. In ka ga matan nan sun fara ɗaukar kaya su koma to ka bi bayansu ko me agogonka ya ce. Ka zo da tsabar kuɗi ƙanana don canjin jika 10 wahala ne a can, da rigar sanyi in Fabrairu ne, da maganin sauro.

Mai jirgin ya zo 6 da ƴan mintuna, ya kalli ƙafata ya kalli takalmi ɗaya a hannuna bai tambayi komai ba sai girgiza kai. A Juwal muka shiga wani ɗakin shan magani aka wanke ciwon aka yi min allurar tetanus aka naɗe, jika 4 da dala 100. Daga Dakar zuwa Fajut da dawowa mu biyu, da ɗaki kwana biyu da abinci da jirgin ruwa da sabon silifa, abin da ya fita aljihuna jika 78 ne, ban da biyen jirgi. Da na je Tawa na ba tsohuwarmu ɓawon da na tsinto cikin leda, ta juya su ta juya, ta ce yanzu wannan ka je ka kusa mutuwa a kai, sannan ta zuba su a kwanon da take ajiye goro.